Ba Kullum Ne Laifin Wayarka Ba: Abin Da Ke Faruwa Idan Rajistar Hanyoyin Intanet Ta Ɗauke

 

Yau za mu ɗan ajiye maganar sikirin da bakin caji, mu leƙa wani ɓangare na intanet da ba a ganinsa da ido, amma duk saƙon da ka aika ta WhatsApp da duk kuɗin da ka tura ta manhajar banki sai sun bi ta kansa. Ni dai sana'ata gyaran waya ce a nan cikin birnin Zazzau, karatuna na boko kuma a sakandare ya tsaya. Abin da ya sa na dage na bi diddigin wannan batu shi ne yawan wayoyi masu lafiya ƙalau da ake kawowa a ce a yi musu filashin, wai data ba ta tafiya. Amsar da muka saba bayarwa ita ce "matsalar netiwok ce". To amma wace matsalar? A ina take? Ka daure ka karanta har ƙarshe, don akwai abin da zai iya ceton hotunanka da lambobinka da kuɗinka.

YADDA SAƘO KE GANE HANYA

Intanet tarin netiwok ne daban-daban, sama da dubu 70, na kamfanonin waya da bankuna da jami'o'i da irin su Google, an jona su da juna. Kowanne yana da lambarsa, yana kuma da rukunin adireshin da aka ba shi, waɗanda ake kira adireshin IP. Ka ɗauki rukuni ɗaya kamar unguwa guda, a ce Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona, adireshi ɗaya kuma kamar gida ɗaya a cikinta.

To ta yaya saƙon da ya tashi daga Ƙofar Doka zai san hanyar unguwar Google? In ka taɓa tsayawa a Kwangila da safe, ka riga ka ga amsar. Wannan yana "Kano! Kano!", wancan yana "Funtuwa, saura mutum ɗaya!" Kai fasinja ba ka binciki takardun mota ba, shela ka ji ka shiga. Haka manyan na'urorin kamfanoni, waɗanda ake ce wa rauta, suke yi wa junansu shela dare da rana: "Mai zuwa unguwa kaza, ta wurina ake bi." Wadda ta ji sai ta faɗa wa ta gaba, har shelar ta zagaye duniya. Sunan wannan tsari BGP. An tsara shi tun 1989, lokacin da masu harkar 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, shi ya sa aka gina shi a kan yarda. Babu abin da ke cikinsa da zai hana wani ya yi shelar Kano alhali motarsa ko Tashar Yari ba za ta kai ba.

Kuma an yi hakan, a nan gida ma. Ranar 12 ga Nuwamba 2018, da misalin ƙarfe goma na dare agogon Najeriya, kamfanin MainOne da ke Legas yana cikin aikin inganta na'urorinsa aka samu kuskuren saiti. Hanyoyin Google da ya kamata su tsaya tsakaninsa da abokan cinikinsa, sai ya shelanta su ga China Telecom. Shi kuma bai tace ba, ya miƙa wa wani kamfanin Rasha mai suna TransTelecom, shela ta bazu. Mutane a Amurka da wasu ƙasashe suna neman Google, saƙonninsu suna bi ta Rasha da ƙasar Sin suna maƙalewa a can. Minti 74 aka yi kafin a gyara, kuma MainOne da kansa ya fito ya ce kuskure ne a saitin tacewarsa. Shekara goma kafin nan, ranar 24 ga Fabrairu 2008, kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube a cikin ƙasarsa kaɗai, shelar ta ɓalle waje, YouTube ya ɓace wa kusan duk duniya na wajen awa biyu.

LITTAFIN DA AKE DUBAWA KAFIN A YARDA

A tasha akwai 'yan ƙungiya da littafinsu: mota kaza layin Kano take, mota kaza layin Funtuwa. Intanet ma yana da irin wannan littafi, wato rajistar hanyoyi, a taƙaice IRR. Mai netiwok yana shiga ya rubuta cewa rukunin adireshi kaza nasa ne, kuma lamba kaza ce ke da izinin shelanta shi. Littafin ba ɗaya ba ne. Mu a Afirka muna da na AFRINIC, wadda ofishinta ke tsibirin Mauritius. Turai da Gabas ta Tsakiya suna da na RIPE NCC da ke Amsterdam. Akwai ARIN ta Arewacin Amurka, APNIC ta Asiya, LACNIC ta Kudancin Amurka, sannan da wani tsohon littafi mai suna RADb da Merit Network ke riƙe da shi a jihar Michigan.

Rukunan adireshin da ake shelantawa a duniya sun haura miliyan ɗaya, kuma kullum cikin canji suke. Ba ɗan'adam ɗin da zai zauna ya bi su da hannu. Don haka kamfanoni da cibiyoyin haɗa netiwok, irin IXPN ta nan Najeriya, sukan sa manhaja ta yi aikin. Sau ɗaya a rana ko duk bayan 'yan awanni, manhajar za ta je ta tambayi rajista: "Wannan abokin cinikin namu, waɗanne adireshi ne nasa?" Rajista ta kawo jeri, manhaja ta zuba shi a cikin rauta. Daga nan jerin ya zama rariya. Shelar da ke ciki ta wuce, wadda ba ta ciki a yi watsi da ita.

Tsari mai kyau, ko? To ga inda gizo ke saƙar. Ita rajistar ma kwamfuta ce a wani ɗaki a wata ƙasa. Tana iya ɗaukewa. Ana iya yi mata gyara. Hanyar zuwa gare ta na iya yankewa. Wani lokaci ma ta fara kawo amsa, ta tsaya a rabi.

Hausawa na cewa shiru ma magana ce. A wajen mutane haka ne, amma manhajar da ta ɗauki wannan karin magana da gaske ita ke janyo bala'i. Ta yi tambaya, ba ta ji komai ba, sai ta fassara shirun da cewa wannan kamfani ba shi da adireshi ko ɗaya. Ta rubuta jeri wayam, ta zuba a rauta. Ɗayan biyu ke biyo baya. Ko dai rauta ta ƙi duk shelar kamfanin, ya ɓace daga intanet alhali turakunsa na tsaye, injinsa na aiki, wayoyinsa ba su yanke ba. Ko kuma, a wasu na'urorin, rashin jerin ya zama kamar an cire rariyar gaba ɗaya, kowace shela ta wuce, har da ta ƙarya. Ta farko ta rufe ƙofa har da masu gida, ta biyu ta bar ta a wangale.

Ni ma ina da littafi a shago. Duk wayar da aka kawo ina rubuta sunan mai ita da samfurinta da abin da ke damunta, in manna lamba a bayanta. A ce na tafi PZ sayen kaya da littafin a jakata, na bar yarona a shago. In ya ce wa duk wanda ya zo "babu sunanka, babu wayarka a nan", kafin azahar an tara mana jama'a. In ya ce kowa ya duba ya ɗauki tasa, kafin la'asar muna ofishin 'yan sanda. Yaro mai hankali hoton shafin jiya zai buɗe a wayarsa, ya sallami waɗanda sunansu ke ciki, wanda ya kawo tasa yau da safe kuma ya ce masa, "Yallaɓai, ɗan jira maigida ya dawo." Rashin littafi a hannu bai goge sunan kowa ba.

ABIN DA INJINIYOYI MASU LURA KE YI

Abin da yaron nan ya yi, shi ƙwararru ke koya wa manhajojinsu.

Na farko, manhaja ta iya bambance "ban samu amsa ba" da "amsar ita ce babu". In ba ta samu amsa ba, kada ta taɓa komai, jerin jiya ya ci gaba da aiki. Da babu gara ba daɗi.

Na biyu, ko amsa ta zo, a auna ta da ta jiya. Kamfanin da jiya ke da rukuni ɗari biyar, yau aka ce uku gare shi, to akwai magana. Manhaja ta dakata, ta kira mutum ya duba.

Na uku, manyan kamfanoni sukan ajiye kwafin rajistar gaba ɗaya a kwamfutarsu, yana sabunta kansa a kai a kai. In ta can ta ɗauke, ta gida na nan.

Na huɗu, tsohon jeri ma yana da shekaru. Sabon kamfanin da ya yi rajista yau ba ya ciki, wanda ya sayar da adireshinsa jiya kuma yana ciki. Don haka ake sa ƙararrawa ta riƙa tuna wa ma'aikata cewa jerin nan ya kwana biyu, abin da ke da gaggawa kuma a tantance a sa shi da hannu.

Na biyar, ana sa wa kowane maƙwabci iyaka. Wanda ya saba shelanta rukuni hamsin, in aka wayi gari ya turo dubu hamsin, rauta ta katse shi nan take, ko da rajista ko babu.

Akwai kuma sabon tsari mai suna RPKI, inda mai adireshi ke sa hannun lantarki da ba a iya kwaikwayo. Waɗanda suka tsara shi sun yi tunanin ranar ɗaukewa tun farko. In rauta ta daina samun bayanai, tana riƙe na hannunta na wani lokaci, bisa saitin asali awa biyu. Bayan nan sai ta ɗauki shela a matsayin "ba a sani ba", ta bar ta ta wuce. Wadda ake ƙi ita ce wadda ta saɓa wa sa hannun ƙarara.

In kana ganin maganar ta yi nisa da kai, ka tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da tsarin tantance lambar NIN na hukumar NIMC ya ɗauke na kwanaki. Masu son sabon layi da masu neman dawo da layin da ya ɓata sun sha jira, don ba inda za a tantance su. Amma layukan da ke hannun mutane sun ci gaba da kira. Ka yi tunanin da a ce an haɗa tsarin yadda duk layin da aka kasa tantancewa a ranar za a rufe shi. Wannan shi ne bambancin da nake faɗa maka: na da ya ci gaba, sabo ya jira.

Littafinmu na Afirka kuma ya ga tasku. A watan Yulin 2021 wata kotu a Mauritius ta daskarar da asusun bankin AFRINIC saboda shari'arta da kamfanin Cloud Innovation a kan miliyoyin adireshi. Daga baya hukumar ta zauna babu cikakken kwamitin gudanarwa, har a watan Satumban 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo. Ma'aikatanta sun ci gaba da riƙe rajistar tana aiki, amma duk injiniyan da rariyarsa ta dogara da ita sai da ya tambayi kansa: in aka wayi gari ta yi shiru fa, me manhajata za ta yi?

Sai kuma abin da ya fi shiru muni, wato littafi ya yi ƙarya. Ranar 3 ga Janairu 2024 wani ya shiga asusun kamfanin Orange na Sifaniya a RIPE NCC. Kalmar sirrin mai rauni ce, kuma ba a kunna tabbatarwa mai mataki biyu ba. Ya sauya bayanan, kamfanonin duniya suka duba littafi suka ga shelar Orange ta saɓa, suka ƙi ta. Masu amfani da kamfanin suka yi awanni cikin wahalar intanet. Babban kamfani guda, kalmar sirri ɗaya ta kayar da shi.

TO NI INA RUWANA?

Gaskiya a nan wajenmu abin da ya fi kawo ɗaukewar sabis shi ne yankewar wayar ƙarƙashin ƙasa wajen aikin titi, ko rashin wuta da dizal a turaku. Wani lokaci kuma daga nesa abin ke zuwa. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace ta wajen gaɓar Kodebuwa, bankuna da intanet suka rikice a Afirka ta Yamma. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, bayan na'urorin kamfanin sun janye shelar hanyoyinsu daga BGP. A duk waɗannan ranaku, wayar da ke hannunka lafiyarta ƙalau.

Matsalar ita ce mu ma muna yin irin na manhajar nan marar lura. Waya ta yi shiru, sai mu yanke hukunci cewa ta lalace, mu goge abin da ke cikinta.

Kwanaki wani dattijo ya zo min daga wajen Ƙofar Gayan. Sandunan sabis a cike, datarsa na nan, amma ba abin da ke buɗewa. Ya ce, "Ɗana, an ce min filashin za ka yi mata, nawa ne?" Na ce, "Baba, kafin nan, me ke cikinta da ba ka so ya ɓata?" Ya ce akwai saƙonnin muryar ƙaninsa da ya rasu bara, yakan saurara in kewa ta dame shi. Na duba, ba a taɓa ajiye kwafinsu ko'ina ba. Na cire layinsa na sa nawa na wani kamfanin, nan take saƙonni suka fara shigowa. Na ce, "Baba, wayarka ba ta da komai, hanyar ce ta toshe. Ka je gida, zuwa dare ka sake gwadawa." Kafin ya tafi na jona shi da datata muka ajiye masa kwafin. Kuɗin filashin a aljihuna zai shiga, ba na musu, amma muryar mamaci ba a sayo ta a PZ.

Don haka in intanet ya tsaya maka, bi waɗannan kafin ka nufi shagon kowa:

1. Gwada wata manhajar ko wani shafin. In ɗaya ce kawai ta ƙi, matsalar daga masu ita ne.

2. Danna *323# ka tabbatar datarka ba ta ƙare ba.

3. Tambayi na kusa da kai mai layi irin naka. In shi ma haka ne, ka huta, ba wayarka ba ce.

4. Sa wani layin na kamfani daban, ko wani ya jona maka datarsa. In ta yi aiki, an wanke wayar.

5. Kunna alamar jirgin sama na minti ɗaya ka kashe, ko ka kashe wayar ka kunna. Wannan ba ya goge komai.

6. Kada ka goge WhatsApp ko manhajar banki, kada ka fita daga asusunka, kada ka mayar da waya saitin kamfani ana cikin matsalar. Komawa ciki na buƙatar lambar da za a turo maka, ita kuma ta hanyar da ta toshe za ta biyo.

7. In ka tura kuɗi ba ka ga amsa ba, kada ka sake turawa. Rashin alat ba ya nufin kuɗin bai fita ba. Jira ka duba asusunka tukuna.

Sauran aikin kuma na ranar lafiya ne, yau da sabis ke nan. Ka kunna ajiyar kwafin WhatsApp a Google Drive. Lambobin mutanenka su zauna a asusun Google, ba a cikin waya kaɗai ba, guda goma mafi muhimmanci kuma ka rubuta su a takarda. In da hali ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, da ɗan kuɗi a hannu saboda ranar da POS zai ƙi. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel ɗinka, don abin da ya samu kamfanin Sifaniya ya fi sauƙin samun ni da kai. Wannan shi ne naka jerin jiyan.

Ke ma 'yar'uwa mai sana'a a waya, da hotunan kayanki da lambobin masu saye duk a wuri ɗaya suke, wannan magana ta fi shafarki. Ki sa a ajiye miki kwafi tun kafin ranar ta zo.

Ga 'yan'uwana masu gyara kuma, daga Tudun Wada har Samaru: in an kawo waya ranar da kowa ke kukan netiwok, mu gwada wani layi kafin mu jona ta da kwamfuta. Minti biyu ne kawai. Wanda ka faɗa wa gaskiya yau, shi zai kawo maka ta matarsa da ta ɗansa gobe.

A darasi na gaba in sha Allah zan nuna yadda ake ajiye kwafin WhatsApp da lambobi mataki-mataki, har da yadda za ka hana shi cinye maka data. Wanda ya amfana ya tura wa wani, musamman iyayenmu da ba su saba da waɗannan abubuwa ba.